Amsar Kawu kan zuwa kallon tsuntsu a dutse

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai abokanka na jami'a za su kai ka kallon tsuntsaye a dutse cikin wannan hunturu, kana tambaya ko al'adarmu ta san haka, ko za a ce ka zare. Na yi dariya, sannan na tuna sanyin Jos a watan Janairu da irin rigunan da kuke sawa, sai dariyar ta ragu.

A da yaro ba ya fita don kallo kawai, danƙo ne a wuyansa. Amma manoma da makiyaya sun riga ku duban tsuntsu. Ganin shamuwa ke sa a fara gyaran gona, don haka kada ka neme ta yanzu, sai damina ta ƙarato. Iyayenmu kan ce belbela ci da motsin wani, domin ƙwarin da shanu suka tayar take bi. Wanda ya yi mata wannan kirari ya daɗe zaune yana kallonta. Ku kuwa hankaka da shirwa kaɗai kuka sani, saura duk "tsuntsu" ne.

Idan dajin Amurum za ku, kusa da Laminga, wajen kilomita 15 daga garin Jos, ku bar gida da idar da sallar asuba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke aiki da Jami'ar Jos tana can, sai an nemi izini. In Dutsen Shere ne, mai tsayin mita 1,800 da ɗoriya, a fara gaida mutanen ƙauyen a nemi ɗan rakiya. Ba a hawa dutsen mutane babu sallama.

Sa riga biyu ko uku da za ka riƙa cirewa, domin kafin ƙarfe goma rana ta yi zafi. Banda farare, daga nesa tsuntsu ke hango su. Takalmi mai kama dutse, hula, ruwan sha lita ɗaya da rabi, man kaɗanya don leɓe. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Wanda ya fi shi jawo abu kusa rawa yake yi a hannun da sanyi ya kama. Ƙurar hunturu yashi ce, in ka goge gilashin da bakin riga ka karce shi. Hure ta tukuna.

Kuskuren sabon shiga yawo. Da sanyin safiya tsuntsu ma lafewa yake, sai hantsi ya taɓa dutse yake fitowa shan rana. Nemi gefen da ke fuskantar gabas, kusa da kwazazzabon da ruwa bai ƙafe ba, ka ba rana baya, ka zauna rabin awa ba magana, waya a aljihu. Kazar dutse za ka fara ji, garke guda suna amsa wa juna, su gilma a guje da wutsiya a ɗage. Sai hasbiya da kurciya. Can ƙananan su sauko tsintar irin ciyawa. Ka lura da wata 'yar tsuntsuwa kamar baiwar Allah ta gida: ta gida bakinta ja ne, ta dutse bakinta shuɗi-shuɗi, namijin bayansa ja. Sai 1998 masana suka tabbatar irinta daban ne, Turawa har jirgi suke hawa dominta. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu da ke saka ƙwai a sheƙarta, ta rena masa ɗan, shi kuma ɗan ya tashi yana kwaikwayon kukanta. Ko da yake a ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi na gidan riƙo ya ɗauka. Bayan lokacin ƙwai yakan zubar da baƙin gashin ya koma ruwan ƙasa, sai a wuce shi ba a sani ba.

Wasu 'yan ƙanana da ke kan kara baƙi ne daga Turai, sun ƙetaro Sahara, wajen Maris ko Afrilu za su koma. In ka ga zoben shaida da masu bincike ke sa wa tsuntsu a ƙafa, rubuta launinsa da ƙafar da yake, ka ba 'yan cibiyar.

Da rana ta ɗaga, kada ka cusa hannu a tsagar dutse, maciji ma ɗumi yake nema. Ku sauko kafin azahar. Maganar ko za a ce ka zare kuwa, wannan sai ka tambayi mahaifiyarka ranar da ta gan ka da jaka tun duhun asuba.