Yaƙin Worcester na 1651: Me Ya Karya Rundunar Sarki?

Tambaya: Malam, na ji cewa a birnin Worcester aka kawo ƙarshen yaƙin basasar Ingila. Yawan sojoji ne kaɗai ya ba 'yan jamhuriya nasara, ko akwai dabara?

Amsa: Yawa ya taimaka, babu musu. Ranar 3 ga Satumba 1651 Oliver Cromwell, jagoran sojojin jamhuriya, na da mayaƙa wajen 28,000, Charles na Biyu kuwa, sarkin da ke neman gadon sarautar Ingila, nasa ba su wuce 16,000 ba, galibinsu 'yan Scotland da tafiya ta galabaitar. Ya zaci Turawan Ingila za su taso su mara masa baya, sai 'yan kaɗan suka fito, don kallon baƙi mahara suke yi wa rundunar.

Amma abin da ya yanke hukunci shi ne koguna. Severn ya bi ta yammacin birnin, Teme kuma ya zo ya faɗa cikinsa a kudu. Mutanen sarki sun karya gadoji, suna ganin ruwa ya zame musu ganuwa. Tun 28 ga Agusta Lambert, ɗaya daga kwamandojin Cromwell, ya ƙwace gadar Upton da ke kan Severn a kudu da birnin, aka gyara ta, rundunar Fleetwood, shi ma kwamandan Cromwell, ta haye yamma. Ranar yaƙin aka jawo kwale-kwale daga ƙasan kogi, aka jera su aka shimfiɗa katako, gada ɗaya kan Severn, ɗaya kan Teme, dab da mahaɗarsu. Da wannan Cromwell ya samu damar kai ɗauki duk gaɓar da ta yi zafi.

Charles bai yi barci ba. Daga hasumiyar babban cocin birnin ya hango Cromwell ya kwashi dakaru ya haye yamma, sai ya fita ta ƙofar Sidbury ya afka wa sojojin Cromwell da suka rage a gabas, a tuddan Red Hill da Perry Wood. A ganina nan ce kaɗai damarsa. An shafe kusan awa uku ana gumurzu har albarushin mutanen sarki ya ƙare, suka koma bugu da gindin bindiga. Duk wannan lokaci mahayan David Leslie, kwamandan 'yan Scotland na ɓangaren sarki, na tsaye a filin Pitchcroft, arewa da birnin, ba su motsa ba.

Cromwell ya sake hayowa ta gadar kwale-kwalen. Sojojin sa-kai na Essex da ke ɓangarensa suka ƙwace Fort Royal, tungar da ke kare ƙofar Sidbury, suka juya igwoyinta kan birnin, masu gudu suka cunkushe a ƙofar Sidbury. A ɓangaren sarki an kashe kusan 3,000, an kama wajen 10,000. Charles ya sha da ƙyar, ya yi mako shida yana ɓuya kafin ya tsallaka Faransa, bai hau gadon sarautar Ingila ba sai 1660.