Amsa: Katako mai launin kore a lambu da murhu

Malam, ka tambaya ko katakon nan mai kore-kore zai yi shingen kwamin lambu, guntayen kuma a sa a murhu. Wannan koren na iya zama alamar maganin CCA: haɗin sinadaran jan ƙarfe, kuromiyam da asinik (wata guba mai kisa), da ake dura wa katako da matsin inji don hana gara da ruɓewa. Kuromiyam ne ke ɗaure sauran a jikin itacen, amma asinik na ci gaba da tsatsowa duk damina, musamman daga sabon katako, wurin da zarto ya yanka, ko ƙasa mai tsami. Yawancinsa na taruwa dab da katakon, don haka ka shimfiɗa leda mai kauri a ciki, ka nisanta karas da dankali aƙalla santimita 30. Amurka ta daina sa CCA a katakon gidaje a ƙarshen 2003.

Murhu kuwa, don Allah kar ka fara. Hayaƙin guba ne, tokar ta fi shi muni. Tana da ɗanɗanon gishiri, shanu da awaki na lasa su mutu. Kar a gasa nama da shi, kar a zuba tokar a gona ko kusa da rijiya.