Amsa ga ƙanwarmu mai son aikin taimakon matan da ake duka

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin gama bautar ƙasa da digirin Soshiyoloji, kina son sanin ko akwai aiki a fannin taimakon matan da ake cin zarafinsu a gidan aure, da kuma ta inda ake shiga. Na daɗe a cikin aikin nan, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Wuraren aiki akwai su. Akwai ma'aikatar harkokin mata ta jiharku. Akwai cibiyoyin da ke cikin asibitoci, irin su Waraka a asibitin Murtala na Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Don waɗanda aka yi wa fyaɗe aka buɗe su, amma wadda miji ya ji wa rauni ma tana zuwa. Ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ga WRAPA, ƙungiyar kare haƙƙin mata. Yawancinmu da aikin sa-kai muka fara. Sai dai ki sani, albashin ƙungiyoyi yana bin kuɗin masu ba da tallafi ne, ranar da shiri ya ƙare sai ki koma gida ki jira wani. Na gwamnati bai kai ba, amma ya fi tabbas.

Abin da takardar makaranta ba ta koya min ba shi ne riƙe baki. A watannina na farko wata baiwar Allah ta zo da ido a kumbure, goye da jariri. Tausayi ya kama ni, ban nemi izininta ba na kira yayanta, a tunanina taimako na yi. Kafin magariba ya mayar da ita ɗakinta, wai aure ɗan haƙuri ne. Ba ta sake dawowa ba, kuma har yau tana cikin raina. Tun daga ranar ba na ɗaga waya sai matar da abin ya shafa ta ce in ɗaga. Ita ta san mijinta, ita ta san ranar da zai fi haɗari.

Ba ke za ki ce ta fita ko ta zauna ba. Za ki zauna da ita ku tsara gidan da za ta gudu idan abu ya ɓaci cikin dare, inda za ta ajiye takardun haihuwar yara da ɗan kuɗin mota, da lambar da za ta haddace. Lokacin barin gidan ya fi kowane lokaci haɗari. Idan kuwa ta ce ya taɓa shaƙe mata wuya, kada ki ɗauke shi kamar mari, babbar alama ce ta cewa ranta na cikin haɗari. In akwai fyaɗe, maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, don haka asibiti tukuna.

Ki karanta dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, amma ki duba ko majalisar jiharku ta amince da ita, domin ta tarayya a Abuja take aiki. Kaduna ta yi tata a 2018. Ki kuma san fiƙihun aure sosai. Mata da yawa ba su san cewa a mazhabar Malikiyya alƙali na iya raba aure saboda cutarwa ba, sun ɗauka sai sun biya khul'i.

Za a kira ki mai kashe aure, har a cikin dangi. Wani daren barci zai gagare ki. Shi ya sa duk inda kika je neman sa-kai, ki tambaye su wace babba ce za ta riƙa zama da ke kuna bitar abin da kika ji a mako. In sun ce babu, ki gwada wani wurin. Allah Ya yi miki jagora.