Kada ka ɗaura dalma a fatsar ƙuda, ƙanena

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena na unguwar Mamobi a nan Ankara, babban birnin Gana, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu zama tukuna. Ka ce yayanka da ke Ingila ya aiko maka da sandar fatsa irin ta Turawa, mai igiya mai kauri ruwan ɗorawa, da ɗan akwatin ƙudajen ƙarya na gashin tsuntsu. Ka kai ta bakin ruwa sau uku, duk jifan da ka yi igiyar sai ta tattaru a gabanka kamar dafaffiyar taliya, wani lokaci kuma ka ji "tas" a bayanka kamar bulala, ka duba ka ga ƙudan ya tafi. Shi ne kake tambaya ko ka ɗaura dalma kusa da ƙugiya don ta yi nisa.

Don Allah kada ka ɗaura. Fatsar da muka taso da ita, tana ake sa wa ƙugiya, a matse dalma a samanta, a wurga. Nauyin dalmar ne yake tafiya, zaren yana bin sa a baya. Wannan kuwa a juye take. Ƙudan da ke hannunka ko hura shi ka yi zai tashi, ba shi da nauyin da zai ja komai. Igiyar nan mai kauri ita ce nauyin, ita kake jifa, ƙuda fasinja ne kawai. In ka ƙara dalma irin wadda muke sa wa fatsar tana, za ta dawo da gudu ta sami ɗayan biyu: ko ƙeyarka, ko sandar. Sandar kuwa ta kabon ce, cikinta rami ne, bugu ɗaya ya isa ya yi mata tsagar da ido ba ya gani, sai ranar da babban kifi ya kama ta karye a daidai wurin.

Kafin komai, duba jikin sandar sama kaɗan da mariƙi. Za ka ga tsawonta, yawanci ƙafa 9, da wata lamba kamar 5 ko 6 ko 8. Lambar nan ta nauyin igiya ce. Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan fatsa a Amurka suka tsayar da ma'auni ɗaya: ana auna ƙafa 30 na farkon igiya. Lamba 5 tana da kusan giram 9, lamba 8 kusan giram 13 da rabi. Sanda mai lamba 5 an yi ta ne ta lanƙwashe da nauyin igiya mai lamba 5. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi ke nan: in igiyar da ka fitar daga bakin sanda ƙafa 10 ce kawai, nauyin bai kai ya tanƙwara ta ba, sai ka ji kamar iska kake duka. Fitar da ƙafa 25 zuwa 30 kafin ka ce sandar ba ta aiki. Kuma ka tabbata ba a naɗa igiyar a juye a kwarkwaro ba, wato abin naɗe igiya da ke gindin sanda. Yawancinsu nauyin yana can gaba, siririn yana baya, na kuwa taɓa ganin wanda ya yi wata biyu yana fama da wutsiyar igiya.

Ni a Akuse na koya, ƙasa da dam ɗin Kpong, lokacin ina tuƙa wani dattijon Bature ɗan Sikotilan da ya zo aiki na 'yan watanni. Duk Lahadi sai na kai shi bakin kogin Volta, in zauna a inuwa ina masa dariya a zuci, mutum da furfurarsa yana kaɗa igiya a sama kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Rannan ya miƙo min sandar. Ni kuwa a lokacin ƙarfi na ji da shi, na ɗaga na zabga kamar mai faskare. Igiya ta naɗe min wuya. Bai ce uffan ba, ya zagayo bayana, ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya ce in saki jiki in bar shi ya yi. Abin da na ji a hannuna ya ba ni mamaki: ya fara a hankali, ya ƙara sauri, sannan ya tsaya cak, kamar motar da aka taka wa birki gaba ɗaya. A wannan tsayuwar igiya ta fita da kanta.

Ka tuna muna yara, mu cura laka mu manna a kan tsinin kara mu harba? In ka kaɗa karan har ƙasa, lakar a gaban ƙafarka take faɗuwa. In ka fizgo da ƙarfi tun farko, a bayanka take zamewa. Ba ta yin nisa sai ka taho da ita sannu, ka ƙara gudu, ka tsayar da karan farat ɗaya yana kallon sama. To haka sandar nan take. Tana lanƙwashewa yayin da kake jan nauyin igiya, da ka tsaya sai ta miƙe ta tura igiyar. Taliyar da kake gani a gabanka, na rantse ba ka tsayawa ne, kana raka sandar har bakinta ya kusa taɓa ruwa. Inda bakin sanda ya nufa lokacin da ya tsaya, can igiya za ta. Ka tsayar da shi sama da tsayin kanka, ka bar igiyar ta miƙe, sannan ka sauke sandar a hankali tana bin ta.

Tsayuwar kuma biyu ce, gaba da baya, ta bayan ma ta fi muhimmanci. Masu koyarwa suna kwatanta ta da agogo: a ce kanka ne ƙarfe 12, sanda ta tsaya wajen ƙarfe 10 a gaba, wajen ƙarfe 1 ko 2 a baya. Kwatancen yana da amfani ga mai farawa, amma kada ka riƙe shi kamar karatun allo. In igiya gajera ce, motsin ma gajere ne. In ta yi tsawo, sai ka buɗe hannu kaɗan.

Sai maganar "tas" ɗin nan. Wannan gaggawa ce tsantsa. Ka jefa igiya baya, ba ta gama miƙewa ba ka fizgo ta gaba, sai ƙarshenta ya juya da gudun bulala, siririn zaren ya tsinke, ƙuda ya yi nasa wuri. Dole ka dakata tsakanin jifan baya da na gaba, kuma tsawon dakatawar yana bin tsawon igiya. Ni da nake koyo, "Bismillahi" nake faɗa a zuci bayan na tsaya a baya, sannan in taho. Da igiya ta ƙaru sai na ga ba ta isa, na koma ja mata wasali. Amma abin da ya fi wannan shi ne ka tsaya a karkace, ƙafar ɓangaren hannunka mai sanda tana baya, ka waiga ka kalli igiyar da idonka. Za ka ga tana tafiya a lanƙwashe tana warwarewa. Daf da ta miƙe sarai, nan ne lokacinka. In ka wuce lokacin kuma ta faɗi ƙasa ta kama ciyawa. Babu kunya a waigen, ni har gobe ina yi.

Wuyan hannu shi ne ɓarawon gida. Ɗora babban yatsa a saman mariƙi, ka riƙe kamar ka riƙe ƙwai, gwiwar hannu kusa da jiki. In wuyan hannu ya karye baya, bakin sanda zai zana baka a sama, igiya ta buɗe ƙatuwar lanƙwasa wadda iska ke dannewa nan take. So ake bakin sanda ya bi miƙaƙƙen layi, kamar kana shafa fenti a silin, sai lanƙwasar ta fito matsattsiya ta ratsa iska. Dabarar da dattijon nan ya yi min ita ce ya cusa gindin sandar cikin hannun rigata mai dogon hannu. Da na karya wuyan hannu sai rigar ta ja ni. Gwada da ƙyallen roba ma ya yi.

Abu biyu a gurguje. Kada ka fara jifa da igiya a sake a kan ruwa. Sauke bakin sanda ƙasa, janyo sakin da hannun hagu har ka ga ƙudan ya motsa, sannan ka ɗaga. In kuma kana ganin ƙananan ƙulli a jikin siririn zaren nailan da ke tsakanin igiya da ƙuda, wanda ake ce wa lida, kada ka ɗora wa iska laifi. Fizga ce ka yi a farkon jifan gaba, bakin sanda ya nutsa, igiyar sama ta sarƙe da ta ƙasa. Kwance ƙullin ko ka sake zaren, don a nan yake tsinkewa.

Yanzu abin da yayanka ba zai faɗa maka ba, don shi ruwansu daban. Gaɓar Volta, daga Atimpoku har Sogakope, wurare da yawa bayanka ciyawa ce da itatuwa, babu filin jifan baya. A nan jifan naɗi yake ceto. Ka ja sandar a hankali har ta ɗan wuce kafaɗarka tana kallon sama, igiya ta rataya a bayanka ta yi ciki, ƙarshenta yana kwance a kan ruwa a gabanka. Ka dakata kaɗan, sannan ka tura gaba ka tsaya cak kamar ɗazu. Igiyar za ta mirgina a kan ruwa ta miƙe. Riƙon da ruwa ya yi wa ƙarshenta ne yake tanƙwara sandar, shi ya sa ba ya yiwuwa a busasshiyar ƙasa. A lissafina, fiye da rabin kifin da na kama a Akuse da wannan jifan ne, amma samari sun raina shi don ba ya kyau a hoto.

Iska kuwa, mu nan Ankara da bakin teku har Ada, da rana ta take sai ta taso daga kudu maso yamma. Ka lura da ɓangaren da take bugunka. In tana zuwa ta wajen hannunka mai sanda, to igiya da ƙugiya kanka za ta turo su. Wannan karatun da kunnena na biya shi. A Ada Foah ne, wajen la'asar, ina ta alfahari gaban wasu masunta da ke gyaran koma. Jifa na uku na ji kamar rina ta harbe ni. Ƙugiya ta shige fatar kunnen dama har ta wuce ƙayarta, gashin kaza ja da fari yana reto kamar ɗan kunnen amarya. Da shi na hau mota har wani ƙaramin asibiti, ma'aikaciyar tana aiki tana danne dariya. Tun ranar ba na jifa sai da tabarau da hula mai baki, kuma duk ƙugiyar da zan ɗaura sai na matse ƙayarta da filaya. In iska ta zo ta wannan ɓangaren, ka karkatar da sandar ta kan ɗaya kafaɗar, ko ka juya wa ruwa baya ka sauke ƙudan da jifan baya. Da kunne ne ya zo da sauƙi, da ido ne fa?

Akwai kuma zafi. Igiyar da aka yi don ƙoramun Ingila masu sanyi, in ta sha ranar Gana sai ta yi laushi ta riƙa danƙo, ta ƙi zamewa cikin zobban sanda. Akwai wadda aka yi musamman don ƙasashen zafi, mai ɗan tauri. In yayanka zai sake aike, ita za ka roƙa. Kafin nan kada ka bar ta a but ɗin mota, ka fita da sassafe, ka ja ta tsakanin hannuwanka gaɓa gaɓa don naɗin kwarkwaro ya sake ta. In ta taɓa ruwan gishiri, ka ɗauraye komai da ruwan famfo a ranar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka bar zuwa bakin ruwa na sati biyu. Cire ƙugiya, ɗaura ɗan guntun ulu mai launi a bakin lida, nemi fili mai ciyawa. Na san a Mamobi da Nima wannan ma aiki ne, filayenmu duk jar ƙasa da tsakuwa, su kuwa suna kankare fatar igiya. Ni wajen Legon nake zuwa bayan asuba ranar da babu aiki. Ajiye faranti a nisan ƙafa 30, ka yi ta nemansa minti 20, ka tafi gida kafin hannu ya gaji, don gajiyayyen hannu mugun hali yake koya. Igiyar gaba ɗaya wajen ƙafa 90 ce, amma ka manta da sauran. Kada kuma ka yi ta kaɗawa a sama sau bakwai takwas. Biyu sun isa, ka sauke. Jan igiya da hannun hagu don ƙarin nisa yana nan, zan nuna maka, sai dai ba yanzu ba.

Kifin da za ka fara samu kawara ce, ita ce mai tasowa ta cafke ƙwaro a saman ruwa, musamman da magariba ta gabato. Karfasa ta fi son ganye da gansakuka, sai ka yi haƙuri da ita, ka ba ta ƙaramin ƙuda mai nutsewa a hankali kusa da ciyawa. Tsage kuwa haƙoransa reza ne, in ba ka sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya ba, sallama kawai za ku yi. In cefane kake nema, gaskiya mai jefa ragar birgi zai cika kwando kafin ka kama uku, kada uwargida ta ɗora bankun tana jiranka. Kuma ka guji tsayawa cikin ruwan da ba ya gudu mai yawan ciyawa, tsargiya tana nan a Volta, jifa daga gaɓa ko daga kwalekwale ya fi. Ƙasa da dam ma ruwa yana iya ƙaruwa in an saki, ka sa ido a kan dutsen da ka tsaya.

Ka faɗa min lambar da ka gani a jikin sandar da wadda ke kan kwalin igiyar, in bai ɓata ba. In kana da lokaci Asabar bayan asuba, zo da ita da riga mai dogon hannu, ulun yana wurina.