Abokan wasa sun watse: yadda ake buga wasan labari mutum shi kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke haɗuwa duk Lahadi a Agege muna wasan labari na kan tebur, Dungeons & Dragons. Ɗayanmu ne jagora, sauran kowa da jaruminsa. Yanzu jagoran ya koma Ikorodu, biyu suna aikin dare a Apapa, cunkoson Legas kuma ya raba mu. Littafin dokoki da takardar jarumina suna hannuna. Na gwada yi ni kaɗai, sai na ga tatsuniya kawai nake yi wa kaina. Akwai dabara? — Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai dabara, kuma abin da ya same ka shi ke samun kusan duk wanda ya fara. Ka zama mai ƙara, ka zama alƙali, to ta ina hukunci zai ba ka mamaki? Tun da wannan wasa ya fito a Amurka a 1974, an gina shi ne a kan mutum ɗaya da ya san abin da sauran ba su sani ba. Jagora yana amsa tambaya game da duniyar labarin, yana jefo abin da ba a zata ba, yana kuma hana jarumi samun abu a ɓagas. Idan ya tafi, waɗannan ayyuka sai a damƙa su ga abin da ba ya jin kunyarka: ƙwayar ludo, kati da littafin rubutu. Naka shi ne fassara abin da suka ce.

Fara da alƙalin e ko a'a. Ƙwayar ludo ɗaya mai fuska shida ta isa. Ka yi tambaya, ka jefa: 1 na nufin a'a, kuma abin ya ma fi haka muni, 2 a'a, 3 a'a, amma da ɗan sauƙi, 4 e, amma da sharaɗi, 5 e, 6 e, har da ƙari. A ce jaruminka madugu ne da ya taso da ayarin goro daga Gwanja, ya iso zango da almuru. Ka tambaya, “Sarkin zango zai ba mu masauki?” Ta ba da 4. To zai bayar, amma sai an bar masa jaki ɗaya jingina. Wannan “amma” ɗin shi ne gishirin wasan, don daga nan labari ke samun reshe. Abu na farko da ya faɗo maka a rai wanda ya dace da halin da ake ciki, shi za ka ɗauka, kada ka zauna kana tace amsa minti goma.

Ba kowace tambaya ce rabi da rabi ba. Idan abin ya fi kusa da yiwuwa, jefa ƙwaya biyu ka ɗauki babbar lamba, damar samun e ta tashi daga kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari. Idan da wuya ya yiwu, ɗauki ƙaramar, ta sauko zuwa 25. Sai dai ka yanke wannan kafin ƙwaya ta bar hannunka, ba bayan ka ga sakamako ba. Haka ma gwajin gwaninta da ake yi da ƙwaya mai fuska ashirin don a ga ko jarumi ya iya abin da ya yi niyya: rubuta lambar da ake nema ya kai tukuna, 10 ga abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya, sannan ka jefa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da ƙwayar ludo ba saboda abin da malamai suka faɗa a kanta, ya rubuta 1 zuwa 6 a ƙananan takardu, ya naɗe, ya zuba a hula. Lissafin ɗaya ne, muddin yana mayar da wadda ya zaro kafin ya sake zara.

Alƙali yana amsa abin da ka tambaya ne kawai, ba zai kawo maka abin da bai zo maka a rai ba. Nan katin Whot ke shigowa, wanda ba ka rasa shi a shagon unguwa. Kati 54 ne, kuma ba a raba su daidai ba: da'ira 12, alwatika 12, kuros 9, mai kusurwa huɗu 9, tauraro 7, sai Whot mai lamba 20 guda biyar. Wannan rashin daidaito alheri ne a gare ka. Ba da'ira ma'anar wani mutum ya shigo ko ya yi wani yunƙuri, alwatika cikas a hanya, kuros asara, mai kusurwa huɗu wani sirri ya fito, tauraro sa'a. Lambar da ke jikin katin ita ce nauyin abin: 1 zuwa 5 ƙarami, 7 da 8 matsakaici, 10 zuwa 14 babba. Ka lura tauraro a 8 yake tsayawa, wato sa'a ba ta taɓa zuwa da girma, asara kuwa tana kaiwa 14. Haka ake so. Whot 20 kan fito kusan sau ɗaya cikin zara goma sha ɗaya, a ajiye shi don juyin da ke kifar da labari, kamar amintaccen yaron madugu ya zamana ɗan leƙen asirin 'yan fashi ne.

Kada ka riƙa zarar kati duk lokacin da ka ga dama. A farkon kowace fitowa, wato kowane ɗan sashe na labarin, rubuta layi ɗaya na abin da kake tsammani, misali “da asuba ayari zai ƙetare kogi”. Jefa ƙwaya. Idan 1 ko 2 ta fito, zaro kati ka bar shi ya ɓata shirin. In ba haka ba, fitowar ta tafi yadda ka zata.

Littafin rubutu kuwa, na 'yan makaranta ya wadatar. Ware shafi ɗaya na mutane, ɗaya na al'amuran da ba a warware ba, kowanne layi shida masu lamba. Idan kati ya ce wani ya yi yunƙuri, ƙwaya ce za ta nuna ko wane ne daga cikin shidan. Zana wa babban abokin gaba akwati shida. Duk lokacin da jarumi ya faɗi gwaji ko ya kwana yana hutawa, cike ɗaya. Ranar da suka cika, shirin mugun ya tabbata, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Faɗa shi ne inda masu farawa suka fi karyewa. An auna abokan gaba a littafin ne da ƙungiyar jarumai kamar huɗu. Idan ka tsaya kai kaɗai gaban mutum huɗu, kowane zagaye sara huɗu ne a kanka, kai kuma ɗaya, kuma in ka faɗi babu mai tashe ka. Fara jarumin daga matakin ƙarfi na 3, ka rage maƙiya zuwa ɗaya ko biyu, ka ba shi mataimaki guda mai 'yan lambobin ƙarfi kaɗan a ƙaramar takarda. Kada ka ɗauki jarumai huɗu ka ce za ka riƙe su duka, akawu za ka koma. Sannan ka sauya ma'anar faɗuwa: maimakon mutuwa, a kama shi, ko a ƙwace kayan ayari, ko ya farka da rauni da bashi a wuyansa.

Idan shiryayyen labari za ka bi daga littafi, sa takarda ka rufe shafin, kana zamewa layi-layi. In ido ya riga ya ga sirrin, ɗauke shi a matsayin jita-jitar kasuwa, ka tambayi alƙali ko gaskiya ne.

Abin da ya fi kashe wasan mutum ɗaya shi ne sake jefa ƙwaya don amsar ba ta yi daɗi ba. Sau ɗaya ka yi haka, ka koma gidan jiya. Na biye da shi yawan tambaya: uku a fitowa ɗaya sun isa, abin da hankali ya riga ya ba ka amsarsa ba sai an tambaya ba. Rubutu ma kada ya wuce layi biyu ko uku a kowace fitowa, ba littafi kake wallafawa ba. Zama na minti arba'in, fitowa uku zuwa biyar, ka tashi a daidai inda aka ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba, don gobe ka san inda za ka ɗora.

In kuma ka gaji da gyaran dokokin da ba don mutum ɗaya aka yi su ba, nemi Ironsworn na Shawn Tomkin, wanda ya fito a 2018. Tun asali an tsara shi yadda za a buga ba jagora, kuma ana sauke shi kyauta a intanet. Yana buƙatar ƙwaya mai fuska shida ɗaya da masu fuska goma guda biyu, in ba ka same su ba manhajar waya tana jefa maka.