Zanen gida ba a takarda yake farawa ba

Ɗana, jiya muna cin abinci a gindin katanga ka tambaye ni, wai shi mai zanen gini zama kawai yake yi siffar gida ta faɗo masa a ka, ya zana, mu kuma mu bi da bulo? Na ce ka bari sai mun tashi aiki, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Tun ina cuɗa ƙasa ina mulmula tubali har muka koma siminti da rodi, ban taɓa ganin gida mai daɗin zama da ya faro daga hoto ba. Daga tambaya yake farowa. Mutum zai zo ya ce maka yana da fili hamsin da ɗari, yana son ɗaki huɗu da falo. Kada ka yi saurin ɗaukar fensir. Tambaye shi iyalinsa nawa, kuma ko yana da niyyar ƙari. Mahaifiyarsa za ta zauna tare da su? Da itace ake girki ko da gas? Uwargida tana suyar ƙosai yara na shigowa saye tun da asuba? Sannan ka yi masa tambayar da mutane ke jin nauyinta: kuɗin da ke hannu zai kai rufi, ko ɗaki biyu za a fara a tare, sauran sai Allah ya hore? Kowace amsa sai ta gusar da wani bango ko ta sauya wa wata ƙofa wuri.

Daga nan sai ka taka zuwa filin da ƙafarka, safe da la'asar, in da hali har bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas yake riga sauran zaizayewa, don haka ba a cika masa manyan tagogi. Bangon yamma kuwa rana ce ke gasa shi, in ka jingina ɗakin kwana da shi ba inuwa, a watan Afrilu ba mai runtsawa. Ka san alƙibla kafin ka sa banɗaki. Ka nisanta rijiya da shadda, taka da ta maƙwabci.

Sai yanzu za a zana, kuma zanen farko ba ya zama na ƙarshe. Ana yi ne ana sharewa. Magabatanmu da ƙafa suke shata gida a ƙasa, mai gida na tsaye yana kallo. Ni har gobe, ko an kawo mini takarda daga kwamfuta, sai na kafa turaku na ja igiya na zuba toka, na ce mai gida da iyalinsa su shiga su zaga. Wanda bai iya karanta takarda ba, da ya tsaya cikin layin toka zai ce maka, “Kai, gado da sif ba za su shiga nan ba.”

Da tsada na koyi wannan. Na taɓa yi wa wani bawan Allah gida, na bi takarda sak ban zuba toka ba. Sai da muka kai linta matarsa ta zo gani. Ta tsaya a bakin titi ta hango har madafa, domin ƙofar waje da ta ciki sun yi saiti. Ba ta ce komai ba, ta dai ja mayafi ta juya. Washegari muka fasa bangon da muka yi kwana biyu muna ɗorawa. Abin ya daɗe yana damuna, domin duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba a saita ƙofar zaure da ta shigifa. Ido na zuba wa takarda na manta da mutanen da za su zauna.

Kayan aiki ma suna da tasu maganar. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, amma in ta wuce kamar ƙafa shida ba abin tokare ta, nauyin ƙasa zai sa ta lotsa. Wannan iyakar ce ta sa magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, ana jera azara tana hawa kan 'yar'uwarta har a rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. In ka je Zariya ka shiga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ka ɗaga kai ka daɗe kana kallo. Adon da za ka gani shi ne yake ɗauke da rufin.

Wani ginin ma zanensa shekaru yake ɗauka. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, mai ginshiƙai kawai. A 1975 da rufin ya buƙaci gyara sai ya sa masa bakuna da ƙubba, daga baya ya tada hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da wata. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan ta zanen gini.

Kada wannan ya sa ka raina 'yan boko. Takardarsu ce hukuma ke sa wa hannu, kuma in za a yi bene, lissafin rodi na injiniya ne, ba na ƙiyasin ido ba. Na yi aiki da nagartattu a cikinsu, su ma tambaya suke yi, su zo fili, su gyara zane sau uku sau huɗu ba tare da jin kunya ba.

Gobe ka zo da igiya da turaku da kwanon toka. Za mu je sabon filin nan na bayan makaranta, kuma kai za ka yi wa mai gidan tambayoyin, ni zan tsaya a gefe.