Ambulan ɗin kaka ba sunan jirgi

Tambaya: Malam salamu alaikum, daga Aboabo Kumasi nake. Na tsinci tsohon ambulan a akwatin kakana da ya yi aiki a Takoradi, hatimin ya ce "From H.M. Ship" wato daga jirgin ruwan yaƙi na Sarkin Ingila, amma ba sunan jirgi, jabu ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, rashin sunan da gangan ne. A yaƙin 1939 zuwa 1945 jiragen yaƙin Ingila ke raka ayarin jiragen kaya daga Firitawun ta ƙasar Saliyo saboda jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, to kar abokan gaba su gane inda jirgi yake shi yasa hafsa ke karanta wasiƙa tukun ya buga wannan hatimi ya sa hannu. Don Allah kar ka ɓanɓare kan sarkin, ajiye shi nesa da laima.